Raga a Tsakiyar Dogon Bango

Mahaifiyata mai jere ce. A unguwarmu a Kano, in za a kai amarya, ita ake aiko wa mota ta je ta tsara ɗaki, kuma inda ta ce a ajiye gado nan yake zama har a yaye ɗan fari. Ni ce 'yar farinta, na taso ina riƙe mata gefen labule. Ƙa'idarta ba ta da yawa: babbar kujera ta jingina da dogon bango tana kallon ƙofa, kada wata kujera ta nuna wa mutum bayanta, tsakiyar ɗaki kuma a bar shi fili, don nan ake cin abinci, nan ake sallah.

Da na bi maigidana Kuala Lumpur, inda yake karatun digiri na uku, muka kama haya a wani bene a Taman Melati, gida da kujerunsa. Falon bango ɗaya yake da shi na kirki. Gefe ɗaya ƙofar gilas ce mai fita baranda, ɗaya kicin ne a buɗe, ɗaya hanyar ɗakunan kwana. A tsakiyar wannan bango ɗaya tilo kuwa, daidai gwiwar mutum, wani ya zauna ya yi tunani ya kafa ragar ƙarfe mai faɗin babban faranti. Har yau ina so in ga wanda ya yi wannan aiki, in tambaye shi ko a gidansu a tsaye ake hira.

Ban ko tambayi amfaninta ba. Na sa maigida ya tura kujera mai zaman mutum uku ta rufe ta ruf, falo ya yi kyau, na ɗauki hoto. Ba a jima ba esi, na'urar sanyaya ɗaki, ya fara gurnani, sanyi ya ɗauke, ruwa ya soma ɗiga daga silin. Zafin garin nan kuwa mai danƙo ne, ko wanka ka fito kana gumi. Mai gidan hayar, wata dattijuwa 'yar ƙasar, ta zo ta leƙa bayan kujera ta kama baki.

"Tak boleh lah!" in ji ta. Wato ba ya yiwuwa.

Maigida ya fassara mini sauran. Ta wannan ragar na'urar ke zuƙar iskar ɗaki, ta sanyaya ta, ta dawo da ita ta ramukan silin. Mun toshe mata hanci. Dattijuwar ta sa aka jawo kujerar tsakiyar falo, ta ce haka duk masu haya suke yi.

Haka muka zauna wata da watanni. Kujera a tsakiyar ɗaki, ta ba kicin baya, kamar muna jiran motar kwasar kaya. In zan yi sallah sai na lallaɓa lungu. Maigida ko a jikinsa, shi dai ya sami sanyi da wurin ajiye kwamfuta. Ni kuwa duk lokacin da na kira gida ta bidiyo, sai in shige ɗakin kwana, don kada Umma ta hango.

Sai ga ciki ya tsufa, likita ya hana ni doguwar tafiya, aka yanke Umma ce za ta zo ta zauna da ni har in gama wanka. Murna na yi, wallahi, amma murnar ba ta kai la'asar ba na tsaya ina kallon falon. Matar da ta jera ɗakunan rabin unguwa za ta tsallako teku ta tarar 'yarta ta kasa jera falo ɗaya. Ba za ta yi faɗa ba, na sani. Kallo ɗaya za ta yi ta kau da kai, ni kuma wannan ne ba zan iya ɗauka ba.

"Malam, tashi," na ce. "Yau akwai aiki."

"Ke da wannan cikin?"

"Ni nuni zan yi, kai ne mai turi."

Bawan Allah ya sha turi. Muka matsar da kujerar taku ɗaya daga bango, esi ya koma gurnani. Muka karkata ta a kusurwa, ta tare hanyar kicin. Ya ce mu haƙura, ai Umma ba kujera ta zo gani ba. Na ce lallai har yanzu bai san surukarsa ba.

Dabarar ta zo mini ne ina shanya a baranda. Ƙofar gilas ɗin nan rabi biyu ce, rabi ɗaya ba ya motsi ko kaɗan. To me ya raba shi da bango, ban da ana ganin waje? Na sayo labule mai kauri na rufe wannan rabin daga sama har ƙasa, aka jingina babbar kujera da shi, ta zauna daram tana kallon ƙofar shigowa. Mai zaman mutum biyu na kora ta ɗakin kwana. Ƙananan guda biyu na ajiye su a dogon bango, ɗaya dama da raga, ɗaya hagu. Tsakaninsu na sa wani siririn tebur mai dogayen ƙafafu da muka samo a shagon tsofaffin kaya a Sentul, ƙarƙashinsa wayam, iska na wucewa. Tsakiyar falo ta buɗe, na shimfiɗa darduma na zauna a kai na miƙe ƙafa.

Ranar na kunna kaskon turaren wuta na lantarki, na ajiye shi ƙarƙashin teburin don kawai kada a yi tuntuɓe da shi. Sai na ga hayaƙin ya lanƙwasa ya shige raga. Can maigida ya leƙo daga ɗakin karatu yana tambaya ko na shigo da kasko ne. Turaren ya bi ta silin ya zagaye gidan kaf, har cikin labulen ɗakin kwana. Ya yi ƙorafin shi zai riƙa wanke matatar esin, na ce Allah ya ba da lada.

Umma ta iso da rana. Ta yi sallama, ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a hannu, idonta ya bi falon ya tsaya a dogon bango.

"Me ya hana babbar ta zauna can?"

Na yi bayani. Ta sunkuya ta kai gefen mayafinta kusa da raga, ta ga an ja shi. Ta miƙe ta shige ciki da jakarta. Washegari bayan karin kumallo ta ɗaure ɗankwali. Da yake ba ta yi wa surukinta magana kai tsaye, ni ta kalla.

"A ce masa ya kawo babbar kujerar nan dogon bango in gani."

Malam ya tura. Ta ja baya ta duba, ta ce a mayar da ita kusurwa. Ya tura. Ta sa aka fito da mai zaman mutum biyu, aka juya tebur, aka ɗage labule, aka sake saukewa. Ina zaune a ƙofar kicin ina kallon jerena yana watsewa. Har azahar suna abu ɗaya, rigar Malam ta jiƙe sharkaf. A hankali na lura kayan suna komawa. Ƙananan kujeru suka koma gefen raga, tebur ya shiga tsakaninsu, kasko ya koma ƙarƙashinsa.

Saura babbar kujera a tsakiyar falo. Umma ta daɗe tana kallonta, hannu a ƙugu. Sannan, karo na farko tun zuwanta, ta juya ta fuskanci surukinta.

"Malam, sannu da aiki. Mayar mata da ita inda ta ajiye. Ni ma nan zan sa ta."