Gida Mai Lamba Ɗaya

Daga ƙofar gidansu Sa'adiyya Isyaku, a gindin dutsen Dala, zuwa bakin titin da adaidaita sahu ke iya tsayawa, taku ɗari uku da sha biyu ne, sai an sha kwana sau bakwai. Tun tana firamare ta ƙirga, kuma har yau da take da shekara talatin da ɗaya bai ƙaru ba bai ragu ba. Ita ce ta biyar cikin 'ya'ya tara na marigayi Malam Isyaku tela, ita kaɗai ce kuma ta karanci kwamfuta. Sauran duk sun watse, wasu aure, wasu kasuwa. Gidan da a da ake ɗora tukunyar mutum goma sha huɗu, yanzu daga ita sai Inna.

Sana'arta tana da wuyar faɗa a unguwa. In aka tambayi Inna, cewa take, "Tana nan dai tana danne-dannenta." Abin da ake dannawar kuwa manhaja ce ta gina shafin intanet, wadda ta ƙirƙira ita da ƙawarta Bahijja. Mai sana'a zai shiga da wayarsa, ya sa hotunan kayansa, cikin minti ashirin ya mallaki shafin da mutane za su zaɓi kaya a kai musu har gida. Shekara huɗu suka yi a ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya, kwamfuta biyu. Bahijja ke yin fuskar da mutane ke gani, Sa'adiyya na yin cikin da ba a gani. Suka samu dukawa goma sha tara, masu jaka da takalmin fata, duk ta hannun shugabansu Malam Muttaka, wanda suka yi makarantar allo tare da mahaifin Sa'adiyya.

Sai Bahijja ta samu aiki a Legas. Watan farko kullum suna waya. Na biyu, sai ranar Lahadi. Daga na biyar aka koma saƙo, shi ma sai ya kwana biyu kafin amsa ta zo.

Bahijja da hannu ta rubuta komai nata. Sa'adiyya ta zauna ta ƙirga abin da aka bar mata: maɓalli iri arba'in da uku, kore kala shida, akwatin rubutu iri goma sha ɗaya, kowanne da halinsa. In Malam Muttaka ya ce a ƙara girman rubutu saboda idonsa, sai ta bi wuri arba'in da uku tana gyarawa. Mutum ɗaya ba zai iya ba. Don haka ta yanke shawarar shigo da abin da masu sana'ar ke kira firemwok, wato kayan da wasu suka riga suka yanka suka ɗinka, maɓalli ne, fom ne, katin hoto ne, kai dai ɗauko ka jera. Ka gyara wuri ɗaya, ko'ina ya gyaru.

Kwana ashirin da shida ta yi a kai, daga bayan karin kumallo zuwa la'asar. Aikin ya yi mata daɗi sosai. Layi dubu tara da ɗari huɗu na Bahijja ta cire, ta maye gurbinsu da dubu ɗaya da ɗari biyu. Shafin da ke buɗewa cikin daƙiƙa takwas ya koma uku. Wani lokaci takan juya hagu za ta ce "kin ga," sai ta tarar da bango da ƙusar da Bahijja ke rataye hijabi. A tsakanin layukan da take sharewa akwai 'yan maganganun da Bahijja kan bari a gefe: "na gaji, sai gobe," "wannan ban san yadda ya yi aiki ba," "Sa'a ta cinye min gyaɗa." Ta karanta sittin da biyu. Daga nan ta daina karantawa, don suna rage mata sauri.

Ranar wata Asabar ta saki sabon. Ta kai wa Inna wayar ta gani. Inna ta duba, ta ce, "Ma sha Allah, shuɗi ne," ta ci gaba da tsince shinkafa.

Kwana tara bayan haka Malam Muttaka ya ce ta zo shago. Kafin ta gama gaisuwa idonta ya ƙirga ƙunshin kayan da aka jera jikin bango: talatin da ɗaya. A kan benci ga Ɗantani, dattijon da ke kai wa dukawan kaya a adaidaita sahunsa, riƙe da takardu.

"Injiniya ta iso," in ji Ɗantani. "Zo ki nuna min gida mai lamba ɗaya. Shekara ashirin ina tuƙi a garin nan, ban san duk mutanen cikin gari gida ɗaya suke kwana ba."

Ta karɓi takardun. Titi, Dala, lambar gida, ɗaya. Titi, Ƙofar Nassarawa, lambar gida, ɗaya. Ashirin da takwas sun sa ɗaya, uku sun sa sifili.

"Wata ma arba'in da biyar ta sa," ya ce. "Ita na dace na samu. Na ce Hajiya ina arba'in da biyar ɗin? Ta ce shekarunta ne, kuma ta rage biyu."

Nan take Sa'adiyya ta gane. Fom ɗin adireshin da ya zo da firemwok yana neman titi da lambar gida, kuma ba ya barin mutum ya wuce sai ya cike. Na Bahijja akwati ɗaya ne babba, an rubuta a samansa: Yi mana kwatance.

"To lambar waya fa, Baba Ɗantani? Ai kowa ya sa."

"Ta masu gida ce. Wace matar aure ce za ta ba ƙaton da ba ta sani ba lambarta? Ka kira Alhaji yana tsakiyar ciniki, ka ce jakar maiɗakinka, ya ce kai wane ne? Wani ma tambayata ya yi a ina na santa."

Malam Muttaka bai ajiye basillarsa ba, bai kuma ɗaga murya ba. "'Yata, ni na tara mutanen nan, na ce musu 'yar Isyaku ce. Yanzu ana yawo da su a gari wai dukawa sun karɓi aiki sun yi shiru. Sunansu ne ke ɓaci. Bakwai sun riga sun ce a cire su. Ranar Juma'a bayan masallaci za mu zauna. In kayan nan suna nan, ba ni da bakin tsayar da kowa."

Ranar Litinin ce.

Da ta koma gida ta buɗe tsohon aikin, ta nemo akwatin adireshi. A samansa akwai maganar da ba ta kai ga karantawa ba: "Sa'a, kar ki raba wannan gida-gida. Ke kanki gidanku ba shi da lamba." Sau uku ta karanta. Ta kira Bahijja, wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Can sai ga saƙo: "Ina mitin."

Ba ta cire firemwok ɗin ba, don ba laifinsa ba ne. Ta ɗinka nata ɓangaren a cikinsa, kalarsa ɗaya da sauran, ta sa masa suna Kwatance: akwati ɗaya babba, da maɓallin ɗaukar murya ga wadda rubutu ke ba wahala. Layi tamanin da huɗu, awa uku. Wannan mai sauƙin ke nan. Sauran aikin na ƙafa ne.

Talata da hantsi ta shiga bayan adaidaita sahun Ɗantani, kaya har saman gwiwarta. Ita ke kira yanzu, kuma da mazan suka ji muryar mace sai bakinsu ya buɗe. "Ki shiga lungun mai ƙosai, ki wuce rijiya, gida na uku bayan masallaci mai koren ƙofa, ki ce gidan Malam Babba." Ɗantani ya tsaya a bakin titi, ita ta rungumi ƙunshi ta shiga lungu, ta yi sallama har tsakar gida, ta ba da haƙuri. Wata ta ce bikin ma ya wuce, amma ta karɓa. Wata ta juya jakar ta ce a hoto ta fi girma.

Talata sha biyu, Laraba goma, Alhamis shida. A gidaje ashirin da takwas ɗin, an ba ta ruwa a gida goma sha tara. An tambaye ta 'yar gidan wa ce a dukansu. Ba inda aka tambaye ta aikin me take yi. Uku suka rage, masu wayar ba su ɗaga ba duk da kira goma sha ɗaya.

"Injiniya, ƙafar nan taki ba ta saba ba," in ji Ɗantani da ya ga tana ɗingishi. "Kwamfutar ba ta da maɓallin tausa?"

"In an ƙirƙiro kai zan fara sa wa, Baba."

Zaman Juma'a na maza ne, don haka a gida ta jira. Ta share ɗakin, ta sake sharewa. Ƙarfe huɗu da minti goma wayar ta yi ƙara.

"Biyar sun tafi," in ji Malam Muttaka. "Na yi magana, sun ce sun gode, waya ta ishe su. Sha huɗu suna nan. Ƙunshi ukun da suka rage ni zan ji da su." Sannan ya ƙara da cewa, "Nan gaba in za ki canza wani abu, ki fara zuwa ki tambayi Ɗantani."

"To, Baba. Na gode. Allah ya ƙara girma."

Ta buɗe kwamfuta ta sauke shafukan mutum biyar ɗin, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ita da Bahijja suka je shagonsa suka ɗauki hotunan. Minti huɗu saukewar ta ɗauka.

Tana shirin rufewa sai ga sabon aiki ya shigo shafin Malam Muttaka: takalmi ƙafa biyu, da kwatance na murya, daƙiƙa hamsin da ɗaya. Ta danna. Wata tsohuwa ce, ta fara da sallama, ta gaida mai sauraro ko wane ne, ta tambayi gajiya da mutanen gida, sannan ta shiga bayanin durumin da ke bakin lungunsu da kwatar da za a tsallaka a hankali. A bayanta ana jin daka da kukan akuya.

Sa'adiyya ta amsa sallamar a hankali. Ta saurara har ƙarshe, ta mayar farko ta sake saurara, sannan ta tura wa Ɗantani.