Aron Ido ga Kakata

Yaran lakol na yanzu, 'yan makarantar boko, in sun ga ina rubuce-rubuce, sai su zo da kaye, littafin rubutunsu, a hammata su ce wai manyan marubutan duniya sun ba da shawara kaza da kaza, ni wacce nake bi. Nakan ce musu malamata ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, kuma sa'ad da ta ɗauke ni karatu, ko tafin hannunta ba ta gani.

Kakata ce, mahaifiyar babana, a ƙauyenmu na kusa da Deule. Idonta ya tafi a shekarun da Nasara ke yaƙinsu, lokacin da yadi ya ɓace a kasuwa har kowace tsohuwa ta koma ga mazarinta. Kullum da hantsi tana ƙarƙashin rumfa tana kaɗi. Ni kuwa ina saurayi, bakina ya fi jikina girma. In na ga zomo a gona, kafin in iso gida ya zama barewa; in an jinkirta ba ni ruwa, ya kai raƙumi.

Rannan na dawo daga kasuwar Buza, ta ce, "Maigida, mi ka gani?" Haka take kirana a wasan kaka da jika, ni kuma in ce mata amarya.

Na ce, "Amarya, mutane kamar ƙasa! Albasa kowace ta kai kan jariri!"

Sai na ji ludayi a ƙwauri. Yadda makauniya ke samun ƙwaurin mutum ba kuskure, har yau ban gane ba.

"Wagga kasuwa tun ina budurwa ake ba ni ita. Kamar ƙasa, kamar ƙasa. Koma ka kawo mini mutum guda."

Ran kasuwa na gaba na tsuguna gaban wani mai kanwa, na zuba masa ido har ya jawo buhunsa tsakanin ƙafafunsa. Na dawo na ce mata takalminsa na hagu da igiya ya ɗaure shi, yakan lashi babban yatsa kafin ya taɓa kowane dunƙule, in mai saye ya taya ya wuce kuma, jakinsa yake kai wa ƙara.

Ta yi dariya har zare ya tsinke. "Yauwa, yanzu na gan shi."

Daga nan aiki ya same ni. Yau in siffanta mata akuya ɗaya a garke, yadda ko baƙo zai iya zuwa ya kamo ta. Gobe ta ɗaure mini ido da ɗankwali, in faɗi wace ce ke daka a gidan maƙwabta daga ƙarar taɓarya. Wata guda cur ta hana ni cewa abu yana da kyau. Yarinyar da nake nema ta tambaye ni yaya na ga kitsonta, na ce ya yi layi-layi kamar kunyar gero bayan ruwan fari. Mako biyu ba ta amsa gaisuwata ba. Ludayi uku suka fashe a ƙafata. A lissafina, talatin.

Kaka tana da ƙane a Allakaye, su biyu suka rage cikin 'ya'yan innarsu. Tun da idonta ya tafi ba su haɗu ba, domin hanyar duk duwatsu ce, babana kuma ya ce ba ta hawa jaki. Sai aka fara jin tsohon ba shi da lafiya. Duk wanda ya zo daga can, in ta tambaya, sai ya ce, "Da sauƙi." Haka muke yi, ba a kawo wa tsoho labarin ciwo tsirara.

Ta ce mini, "Maigida, mu ko mutum na shure-shuren ƙarshe, da sauƙi ne. Tahi ka gano mini shi. In shina da sauran kwana, in zauna. In babu, ina so in taɓa huskatai."

A bakin zaure babana ya ja ni gefe: "Kome ka tarar, ka san abin da za ka ce."

Na je, na gani, na dawo. Babana na tsaye jikin rumfa yana kallona. Na durƙusa na ce, "Amarya, da sauƙi."

Na janye ƙafa ina jiran ludayi, bai zo ba. Ta ajiye mazari a hankali, ta ce, "Kai ma?"

Wallahi da ta fasa mini tulu a ka, da ya fi. Na sunkuyar da kai don kada in haɗa ido da babana, na ce, "Zobenshi na azurfa an naɗe shi da zare don kada shi zame daga yatsa. A jingine da rumbu shike wuni, in ya kwanta numfashi ba ya zuwa. Hura ludayi biyu ya sha, ya ture ƙwarya. Sau ukku ya tambaye ki, kowane karo ya mance ya tambaya. Amma da na miƙa mai hannu ya ce, 'Kai ne surukin namu? Yaya ta yi asara.'"

Dariya da kuka suka kama gardama a fuskarta. Can ta ce, "A ɗaura wa jaki akumari."

Babana ya ce, "Inna, hanyar nan..."

"Ni na haife ka, ko kai ka haife ni?"

Kwana biyu muka yi a hanya, ina jan jaki tana zagin duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Da muka shiga gidan, na kai hannunta kan fuskar ƙanenta. Ta shafa goshi, ta shafa kumatu, ta ja gemu, ta ce, "Kai, ka tsuhwa! Munin nan dai shina nan."

Ya ce, "Yaya, Allah ya yi miki gata da ba ki ganin naki."

Kwana tara suka samu a gindin rumbun nan, suna gardamar wanda ya fasa tulun innarsu suna yara. Ran na goma da safe ya amsa cewa shi ne. Kafin la'asar ya cika, hannunsa cikin nata.