Zaren Taurarin Nasiru

Mu dai a Bebeji lafiya lau, sai maigidana Malam da ƙafarsa ta sake kumbura, ga shinkafa ta isa yanka.

Jiya na samu autana Nasiru, ɗan jami'a, a waya bayan wata uku.

"Umma, bincike ne ya riƙe ni. Garkunan taurari a kan wani zare suke jere. Garken da ya tsinke daga zaren, sai ya daina yin sababbin taurari."

Na ce, "Sannu shehi! Ka hango tsinkakken zare a sama, na gidanku ya gagare ka."

Da furfurata na koyi karatu don in karanta saƙonsa, har yau shiru. Abokansa, ku nuna masa wannan. Ya amsa kafin Juma'a, ubansa na cigiyarsa.