Ranar da Kawu Ya Ga Fadama a Bakin Teku

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ranar da Kawu ya shiga lakar bakin teku za ta rage.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, manomin albasa a Lambara. A shekarar rijiyar lambunsa ta ƙafe, albasa ta bushe a tsaye, mutum mai ba'a ya koma shiru. Lokacin ina bin motar albasa zuwa kudu, sai na lallaɓa shi ya raka ni, ko ya sami sauƙin zuci.

Da muka sauke kaya na kai shi wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin ruwa kamar harshen saniya. Ta dama teku na ruri, ga farin yashi, ga itatuwan kwakwa sun karkace. Ta hagu kuwa shiru, sai wasu itatuwa masu saiwoyi a waje. Ruwan wannan ɓangaren ya janye, ya bar baƙar laka shimfiɗe iya ganinka.

Kawu ya tsaya cak. "Kai ɗana, wagga fadama ba ta da mai ita? Ko dashe ɗaya ban gani ba!"

Na yi dariya, na tafi nemo mana ruwan alwala. Kafin in dawo ya naɗe wando ya yi nisa, yana dumtsar laka yana shinshinawa. A garinmu in gulbi ya janye, sai wata damina. Wa zai ce mana a nan ruwa kan tafi da safe ya dawo kafin la'asar?

Ihun wata mata mai kamun ƙaguwa ne ya juyo da ni. Ruwa ya zagayo ta bayan Kawu ba ko motsi, laka kuma ta riƙe shi har gwiwa. Innalillahi! Wallahi sai tunanin me zan faɗa wa Inna. Matar ta tura kwalekwalenta, na faɗa ciki, ba mai jin yaren wani. Kafin mu isa ruwa ya kai masa ƙirji, hannunsa ɗaya a sama a dunƙule.

Da ƙyar muka fizgo shi. Na zaci carbinsa yake ceto. Da ya buɗe hannun, laka ce! Ya ɗanɗana, ya tofar.

"Gishiri," ya ce a hankali. "Ashe ruwan nan duk ba ya shayar da albasa ko ɗaya. Mu koma gida mu ƙara wa rijiya zurfi."

Matar ta yi ta dariya, ni kuwa hawaye nake, don na san abin da ya kai shi can. Tun ranar na koyi cewa in ka je ƙasar mutane, ka tambayi halin ruwansu kafin ka taka. Kuma in ka ga mutum ya yi wauta, ka fara tambayar abin da ya rasa.