Ya Fanna da Akwatin Wayfai

Ku da kuka san Ya Fanna, kun san tun kafin ku gan ta za ku ji ƙarar makullan da ke ɗaure a ƙugunta. Gwangwanin gishirinta ma da kwaɗonsa. Gidajenmu katanga ɗaya a unguwar Fezzan, tun muna amare, amma ban taɓa ganin cikin adakarta ba.

To, sai ɗanta ya aiko mata da rauta, ɗan akwatin nan mai ƙaho biyu da ke ba waya wayfai. Malama Saratu, maƙwabciyarmu 'yar Biu mai koyarwa, ita ta haɗa mata. Ta ce, “Ya Fanna, sai an tsare shi fa, in ba haka ba mutane za su sha ta bayan katanga.”

“Ta bayan katangata?”

Washegari wayfai ya ɗauke. Malama ta zo dubawa, ta tarar da akwatin cikin adakar ƙarfe, an lulluɓe shi da lafaya, an turara shi, an danna kwaɗo. Salati kawai take yi. Ya Fanna ta ce, “Ke kika ce a tsare.”

Da ta gane cewa makullinsa lambar sirri ce, ai sai ta samu abin yi. Duk Juma'a sai Malama ta canza mata. Jikokinta da suka daina leƙo ta suka dawo suna layi. Sai ka durƙusa, ka yi wushe, gaisuwar Barebari, ka cinye tuwon da ta zuba maka, sannan a sa maka lambar. Wani ya ce mata, “Kaka, na ƙoshi.” Ta ce, “To wayarka ma ta ƙoshi.”

Ni ma ta ce in zo in durƙusa. Ni! Na ce, “Fanna, ko boko ban yi ba, amma ban taɓa roƙon kowa ba. Riƙe ƙahonninki.” Alhali 'yata ta haihu a Fatakwal, ido nake so in ɗora a kan jaririn.

Sai ga shi wayata tana nuna min shi kullum, ban sa mata ko data ba. Na bi unguwa ina faɗa: tawa wayar 'yar halak ce, ba ta buƙatar akwatin kowa. Ita kuwa duk Juma'a sai ta leƙo, “Hajja, ara min wayarki, tawa ba caji.” In miƙa mata ina mita, mace da rauta guda tana cinye min kati.

Ana nan sai Allah Ya yi wa Fanna rasuwa. Bayan addu'ar bakwai, wayata ta yi shiru. Na kai wa Malama, na ce ta lalace. Ta kalle ni, ta kama hannuna har ɗakin marigayiya. Ga akwatin a kashe, a rataye jikin ƙusa, a bangon da ke manne da ɗakina.

“Hajja, duk Juma'a wayarki take fara kawo min in sa mata sabuwar lamba. Ta ce in na faɗa miki ba ta yafe ba.”

Na zauna a ƙasa, ni da na ce ba zan durƙusa ba.

Allah Ya jiƙan Fanna. Ita da ta kulle komai ta bar min ƙofa, Allah Ya buɗe mata ta Aljanna.