Mai Gatari Ya Koma Gida

Motar albasa ta kife da mu tsakanin Shagari da Boɗinga. Direban, maigidana, ya rasu nan take. Ni aka ciro ni ƙarƙashin buhuna, aka yanke mini hannun hagu a asibiti.

Da aka sallame ni ban koma garinmu Dandin Mahe ba. Matata na can, fadamar mahaifina na can. Ban san yadda mutum zai shiga gidansa hannun riga na reto ba. Sai na zauna tashar Boɗinga ina gadin kaya.

Mai tsiren tashar yakan sayo tsofaffin takardu daga Sakkwato don ƙunshe nama. A cikinsu na ga wani littafi marar bango, duk zane ne mai launi. Na ce ya bar mini. Ban yi boko ba, allo kaɗai na taɓa riƙewa, don haka na buɗe shi ta dama, yadda na ga ana buɗe littafi tun tasowata.

Akwai wani mai jan mayafi da ke tashi sama, kowa na ɗaga kai yana kallonsa. Ni ba shi na kalla ba. A bayansa kullum akwai wani ƙato, fuska a murtuke, tabo daga goshi har haɓa, gatari a kafaɗa. Shi ba ya tashi, ƙasa yake bi. Na san irin tsayuwar nan. Na yi shekaru a bayan mota ina yaron mota, ina sa wa taya weji.

A farko ƙaton yana kwance cikin ƙura, ido rufe. Sai ya miƙe. Ya yi ta faɗa da dodannin ƙarfe, kuma duk shafin da na juya raunukansa na raguwa. Can tabon ya ɓace. Wuta ta janye daga kan wani ƙauye, rufin ɗakuna suka koma mazauninsu. A ƙarshe ga shi ba gatari, yana zaune ƙofar gida, wata mata na miƙa masa ruwa.

Bayan azahar, in tasha ta yi tsit, nakan kishingiɗa gindin darbejiya in buɗe. Zafi na sa zanen ya riƙa motsi. Wani lokaci in ga buhunan albasa na tashi daga kwalta suna hawa mota da kansu, maigida na gyara madubi yana ce mini in cire weji. Hannun da babu shi ya yi ta ƙaiƙayi.

Wata rana mai shayi, wanda ya yi firamare, ya leƙo ta kafaɗata.

"Kai, gwauron tasha, mi kaka yi haka? Ta baya kaka karatu!"

"Ta ina ab baya?"

"Wanga na Turawa ne, ta hagu aka buɗe shi. Mutumin naka gida yab baro, aka ƙone garinsu, ƙarshe yam mutu wajen kare mai tashi sama. Kawo in gwada maka."

Ya juya mini shi yana dariya, har mai tsire ya taso kallo. Na bi shi a hakan sau ɗaya. Na ga an ba mutum ruwa, an ƙone masa gida, an sare shi a fuska, an bar shi kwance, wancan kuma ya tashi sama abinsa.

"To ka gani?" in ji mai shayi.

"Na gani. Su nasu ke nan."

Ranar kasuwar Shagari na shiga mota zuwa gida. Daga bakin titi na taka da ƙafa, kuma ban naɗe hannun rigar ba. Matata na tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi hannun rigar, ta daɗe, sannan ta dube ni.

"Malam, ka rame," ta ce. "Cire takalmi, na share wurin."

Yanzu ina Dandin Mahe. Da rani ina fadama. Ƙanena ke tayar da injin ban ruwa, ni ina bin fangali ina buɗe wa ruwa hanya da ƙafa.