Yadda tsohon depitenmu ya koma ma'aikacin kamfani

Har gobe ban manta da ranar da aka tura ni Paris ba, a ƙarshen shekarar 1986. Lokacin ina aikin awo a wata izin, wato masana'anta, ta sinadarai a Saint-Fons, kusa da Lyon. Nakan ɗebo hayaƙin bututu da ruwan da muke zubarwa kogi, in auna gubar da ke ciki, in kai wa shef, shugaban sashenmu.

A unguwar nake zaune, ɗiyata Hadiza kuma tana fama da asma. Depiten yankinmu, wato ɗan majalisa, ya dage sai an yi dokar rage hayaƙin nan. Har gidana ya taɓa zuwa ya ga yarinyar kwance. Da aka yi zaɓe ya faɗi, ya bar maganar dokar a gaban kwamiti.

Direktanmu ya ce in raka shi cin abincin rana da wasu depitocin kwamitin, ko za a yi tambaya kan awo. Muna shiga gidan abincin, kusa da majalisa, sai ga tsohon depitenmu a kan tebur.

Direkta ya ce, "Isufu, ga sabon mashawarcin kamfani."

Tsohon depiten ya miƙo mini hannu yana murmushi, ya kira ni mushe, wato malam a yarensu. "Mushe Isufu, yaya ƙaramar?"

Na karɓi hannun, na zauna.

Ina zaune ina ji yana kiran tsoffin abokan aikinsa da sunan yanka, yana nuna musu sashen dokar da za a sassauta da wanda za a ɗage. Ya san kowace gaɓa, don shi ya tsara ta. Ba wanda ya tambaye ni komai.

A jirgin komawa Lyon na ce wa direkta, "Ashe ba a hana wannan ba?"

Ya ce, "Wa zai hana? Mutum ya bar majalisa, ba zai ci abinci ba?"

Aka jingine dokar. Dole na kwashe iyalina daga unguwar, maƙwabtana da ba su da hali suka zauna.

Shi ya sa, ƙannena, nake goyon bayan a hana ɗan majalisa irin wannan aiki na wasu shekaru bayan ya sauka. Jama'a suka aike shi ya san waɗannan mutane, bai kamata washegari ya sayar wa kamfani da sanin ba.